Abin da ke hana tsofaffin kwamfutoci tashi ta hanyar netwok

A makarantu da cibiyoyin koyon kwamfuta da dama a Najeriya, na'urorin da ake aiki da su 'yan gwanjo ne. Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin na'urori da yawa, wata hanyar ci gaba da amfani da su ita ce a bar su su ɗauko babbar manhajarsu daga kwamfuta guda mai rarrabawa, wato saba, ta wayar netwok. Tsarin da ke yin wannan aiki shi ne PXE, wanda kamfanin Intel ya fitar da sigarsa ta 2.1 a 1999.

Idan tashin ya gagara, akan yi saurin ɗora laifi a kan tsufan na'urar. Amma tashin mataki-mataki ne, kuma lambar da ke fitowa a baƙin allo tana nuna inda aka tsaya.

PXE-E61 na nufin na'urar ba ta ga alamar waya ba. A nan kebul za a duba, da kansa, da fitilar da ke jikin ramin da aka soka shi. Wani lokaci ma ba a yi niyyar tashi ta netwok ba: ƙaramin batirin cikin kwamfutar, CR2032, ya mutu, saitin ya goge, ko rumbun ajiya ya lalace, sai na'urar ta koma neman manhaja a waya.

PXE-E51 kuwa na nufin ta nemi adireshi daga DHCP, tsarin da ke raba adireshi ga na'urori, ba ta samu amsa ba. Wannan ya fi rikitarwa, domin saba na iya kasancewa lafiya ƙalau. Wasu na'urorin haɗa wayoyi, da ake kira suwic, suna riƙe sabon haɗi na kusan daƙiƙa 30 suna tantancewa kafin su bar saƙo ya wuce, kuma kafin nan tsohuwar kwamfutar ta gaji da jira ta haƙura. Maganin yana cikin saitin suwic ɗin. Haka nan idan wani ya jona rauta ta biyu a ɗakin, ita ma tana raba adireshi, za ta iya riga saba amsawa ba tare da faɗin sunan fayil ɗin tashi ba, sai a ga PXE-E53.

Idan an wuce nan, saura ɗauko fayil ɗin ta TFTP, wanda ke aiki a ƙofa mai lamba 69. PXE-E32 na nuna ba a samu amsa daga can ba, kuma galibi katangar tsaron saba ce ta tare. Akwai kuma batun irin fayil ɗin: na'ura mai tsohon tsarin BIOS ba za ta iya tashi da fayil ɗin da aka yi wa UEFI ba. Ɗakin da ke da tsofaffi da sababbi a haɗe yana buƙatar saba ta bambanta su, ta ba kowace nata. Inda manhajar katin netwok ɗin ce ke da naƙasu, ana iya sa iPXE, wadda kyauta ce, a filas ko faifan CD, ta karɓi aikin.

Sai a mataki na ƙarshe ne tsufa ke da laifi da gaske. Fayil ya sauka, manhaja ta fara tashi, sannan ta tsaya cik. Ko dai ƙwaƙwalwar aiki ta RAM ta yi kaɗan ga abin da aka sauke, ko kuma manhajar ta masu bit 64 ce alhali na'urar mai bit 32 ce. Zaɓin masu irin wannan na'ura yana raguwa: Debian 13, wadda ta fito a watan Agustan 2025, ba ta da manhajar girkawa ga kwamfutoci masu bit 32, don haka sai dai su tsaya a Debian 12 ko su nemi wani nau'in Linux da bai yar da su ba tukuna.