Farasitamol: Awa Takwas Kafin Hanta Ta Jikkata

Mai ciwon haƙori ba ya lissafi. Da asuba ya afa Panadol biyu, kafin hantsi zogi ya dawo ya ƙara biyu, da azahar ya leƙa kemis aka haɗa masa na mura da na ciwon jiki. Bai sani ba, da yawa daga cikin waɗannan ma farasitamol ne a cikinsu, suna kawai aka sauya. Kafin isha'i ya wuce gona da iri, ga shi kuma yana yawonsa garau.

Iyakar babba mai lafiya ita ce giram 4 cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Mai ciwon hanta, da mashayin giya, da wanda yunwa ko jinya ta ramar, nasu bai kai haka ba. Na yaro kuwa da nauyinsa ake aunawa.

Hanta ce ke sarrafa maganin. Cikin aikin nan takan fitar da wata 'yar guba, sai wani sinadari nata mai suna gulutatayon ya kashe kaifinta. Idan ƙwaya ta yi yawa, sinadarin ya ƙare, gubar ta juya kan hantar kanta.

Wayon abin yana nan. Ranar farko mutum bai cika jin komai ba sai tashin zuciya ko ɗan amai, wani ma ko wannan babu. Sai 'yan gida su ce alhamdu lillahi, ya wuce. A kwana na biyu ciwo ya taso ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Zuwa na uku ko na huɗu idanu sun yi ɗorawa kamar na mai shawara, magana ta fara rikicewa. A lokacin an makara ƙwarai.

Alhali akwai makari. Sunansa asetilsistin, likitoci na ce masa NAC, kuma tun shekarun 1970 aka tabbatar da amfaninsa a Edinbara ta ƙasar Sukotilan. Aikinsa shi ne taimaka wa hanta ta sake tara sinadarin da ya ƙare mata. Ana ba da shi ta ƙarin ruwa, galibi na tsawon awa 21, ko kuma a sha. Idan an soma cikin awa 8 da shan ƙwayar, kusan kullum hanta na tsira. Bayan nan ma ana bayarwa, sai dai ƙarfinsa na raguwa da kowace awa. Gwajin jinin da ke nuna yawan maganin a jiki kuwa, sai awa 4 ta cika ake ɗaukarsa.

Manja da madara da ruwan gishiri da muke ɗura wa mutum don ya yi amai, ɓata lokaci ne, wani sa'in har su shaƙe shi. Gawayin da ake bayarwa a asibiti cikin awa ta farko na musamman ne, ba na murhu ba.

Idan an sha fiye da iyaka, a tafi babban asibiti kai tsaye, ko da mutumin na dariya. A ɗauki katin maganin da kwalinsa, a faɗi ƙarfe nawa aka sha da guda nawa. In kuwa da gangan ya sha, a ajiye faɗa da gori, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a gaya wa likita gaskiya tun a bakin ƙofa.