Babi na Tara: Wayar Gyaran Haƙori ta Tangaran

Da zarar an ce tangaran, sai mutane su tuno farantin jeren amarya, su ce ai wannan ko tuwo ka tauna sai ya fashe maka a baki. Maganar nan ba ta da tushe ko kaɗan. 'Yan maɓallan da likita ke mannawa a kan haƙori ba da yumɓu ake yin su ba. Da sinadarin alumina ake yin su, wato ainihin abin da ke cikin yakutu, dutsen nan mai daraja da ake haƙowa a tsaunin Mambila na jihar Taraba. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, daimon ne ke da 10, yakutu na biye masa da 9. Ɓawon haƙori kuwa, da babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, wajen 5 ya tsaya.

A ƙarshen shekarun 1980 maɓallan suka bazu a Amurka, kuma iri biyu ne. Akwai wanda ake yankowa daga dunƙulen yakutun da aka haɗa a masana'anta, garau yake, ana hango haƙori ta cikinsa. Akwai wanda ake curawa daga garin alumina a gasa da wuta mai tsanani, shi kuma fari ne dishi-dishi. Likita kan dubi launin haƙorin mutum kafin ya zaɓa, don wanda ya ɓace a bakin wani yakan fito fili a bakin wani.

Taurin nan kuma shi ne matsalar maɓallin tangaran. Idan aka manna shi a haƙoran ƙasa, na sama suna sauka a kansa, to haƙorin ne zai riƙa cinyewa, maɓallin na nan daram. Shi ya sa likitoci da yawa ke sa tangaran a sama, inda murmushi ke bayyana, su sa ƙarfe a ƙasa. Sannan ba ya lanƙwasa. Ƙarfe in ya ji wuya sai ya karkace, shi kuwa sai ya tsage. Saboda haka a haƙura da rake, aya, ƙashi, ƙanƙara da kilishi. Ranar cire shi ma ana son gwanin hannu, kada ya taho da ɓawon haƙori.

Yadda haƙorin ke tafiya ba sai an ja zance ba: waya na matsa shi a hankali, ƙashin gabansa na zaizayewa, sabo na tsirowa a bayansa. Aikin yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye.

Sai ƙorafin da ya fi gundurata, wai tangaran na rinewa. Mutum zai buɗe baki ya nuna maka rawaya, ya rantse an sayar masa da jabu. Malam, matso da madubi ka duba da kyau! Maɓallin na nan fes. Abin da ya rine shi ne 'yar robar da ta zagaye shi tana riƙe da waya. Ita ke shan manja, zoɓo, shayi, kurkum da hayaƙin taba, mai cin goro kuwa ba a magana. Robar nan duk mako huɗu zuwa takwas likita ke canza ta. Wanda ba zai iya jira ba, akwai maɓalli mai 'yar ƙofa da ke kama waya da kansa, babu ruwansa da roba.

Af, ga wani abu. Littattafan Turawa sun lissafa wushirya cikin abubuwan gyarawa, alhali a nan ado ce da ake yi wa kirari. Mai ita ta faɗa wa likita tun ranar farko cewa a bar mata kayanta, in tsarin bakin ya ba da dama.

Tsafta kuwa kowa ya san ta: buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid bayan kowane abinci, da ɗan siririn buroshin da ke shiga ƙarƙashin waya, inda asuwaki ba ya kaiwa. Dattin da ya kwana a gefen maɓalli yakan bar farin tabo a haƙori. Kuɗin na tangaran ya fi na ƙarfe, kuma ko da wanne aka yi aikin, bayan cirewa dole a riƙa sa abin riƙe haƙora da likita zai bayar, in ba haka ba su fara komawa inda suka fito.