Bin Sawun Faya-fayan Mamman Shata

A ranar 18 ga Yuni 1999 Alhaji Mamman Shata ya rasu a Kano, aka kai shi Daura aka yi masa sutura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Waƙoƙin da ya shafe fiye da shekara hamsin yana yi kuwa suna nan warwatse a faya-fayan garmaho, da ma'ajiyar gidajen rediyo, da kaset-kaset na kasuwa, har da wayoyin hannu. Samun su ba shi ne babban aiki ba. Aikin shi ne sanin yaushe aka ɗauki kowace, a ina, kuma su wa ke riƙe da kalangu a ranar.

Masu nazarin kiɗan Amurka sun fi samun sauƙi ta wannan fuska. Manyan ƙungiyoyin kiɗan jaz da suka yi tashe a shekarun 1930 da 1940, irin ta Count Basie, kamfanoni ne suka ɗauke su, kuma kamfani yakan buga lamba a jikin faifai, ya rubuta ranar ɗauka a littafinsa. Da irin waɗannan lambobi ne wani ɗan Ingila mai suna Brian Rust ya tsara jerin faya-fayan jaz na 1897 zuwa 1942. To, Shata ma ƙungiya gare shi, ta makaɗa da 'yan amshi da maroƙa, amma mai sayar da kaset ba ya rubuta kome sai sunan mawaƙi da na wanda aka yi wa waƙa. Sauran jama'ar kamar ba su halarci wurin ba.

Akwai kuma wata matsala wadda ta fi wannan zurfi. Mawaƙin baka ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Amshi yana nan, amma ɗiyan waƙa sukan ƙaru ko su ragu gwargwadon waɗanda ke zaune da kyautar da aka yi. Saboda haka in an ce "waƙar Sarkin Daura", ba abu guda ake nufi ba. Kowace ɗauka zaman kanta take yi, kuma kuskure ne a jefar da ɗaya don wai an riga an sami irinta.

Tun da babu littafin kamfani, tilas manazarci ya nemi shaida a cikin waƙar kanta. Sarauta ita ce ta farko. Muhammadu Bashar ya hau gadon Daura a 1966, kafin nan kuwa Wamban Daura ne, minista a gwamnatin Sardauna. Duk ɗaukar da ta kira shi Sarki, ba ta riga wannan shekara ba. Haka nan ambaton Jihar Katsina yana nuna 1987 ko bayanta. Kuɗi ma shaida ne, sai dai a yi hattara da su. An fito da naira a 1973, don haka jin "naira" hujja ce. Amma jin "fam" ba hujja ba ce, domin Bahaushe ya daɗe yana ce wa naira biyu fam bayan an canja kuɗi. Tsawon waƙa shi ma yana magana: tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3 a gefe guda, saboda haka waƙar da ta miƙe minti 20 ba yankewa daga wata hanya ta fito, watakila daga Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962.

An yi aiki a kan Shata, ba a ce ba a yi ba. Dandatti Abdulkadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana a 1975, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Abin da ya fi gaggawa yanzu shi ne sunayen makaɗa. Waɗannan ba su cikin waƙa, suna kunnen tsofaffin fadawa da maroƙa waɗanda kan gane hannun mai kalangu daga kiɗansa. Kamata ya yi a kunna musu kowace ɗauka, a rubuta abin da suka ce, a kuma ɗauki hoton kwalin kaset kafin a juye shi a kwamfuta, domin da zarar waƙa ta shiga waya, ɗan rubutun da ke jikin kwalin ba ya bin ta.