Ba talabijin ne ya kashe finafinan ofareta ba

A ranar 1 ga Janairun 2023 haƙƙin mallakar finafinan 1927 ya ƙare a Amurka, fim ɗin Ernst Lubitsch mai suna The Student Prince in Old Heidelberg ya zama na kowa. Dalilin haka na koma na kalle shi, na bi shi da wanda kamfanin MGM ya sake yi a 1954. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk wanda ya tashi bayanin yadda finafinan ofareta suka ɓace, wato wasannin daɓe na soyayya masu tafiya da waƙa da aka mayar majigi, sai ya nuna akwatin talabijin da yatsa. A ganina talabijin ya iske majinyaci ne a kwance. Ciwon ya kama tun 1948, a zauren Kotun Ƙolin Amurka.

Ofareta sana'a ce mai cin kuɗi. Tana son makaɗa da yawa, da mawaƙa masu horarriyar murya, da 'yan amshi, da teloli masu ɗinka kayan fada da na soja, da masassaƙan da za su gina fadar wata masarauta da babu ita a taswira. MGM tana iya wannan ne saboda duk waɗannan mutane ma'aikatanta ne, albashi suke karɓa ko ana aiki ko ba a yi. Da haka ta fitar da The Merry Widow na Franz Lehár a 1934, sannan ta haɗa Jeanette MacDonald da Nelson Eddy a finafinai 8 tsakanin 1935 da 1942, daga Naughty Marietta har zuwa I Married an Angel. Kasuwa ma ba abin fargaba ba ce, domin kamfanin Loew's, uwar MGM, yana da nasa gidajen sinima, sauran masu sinima kuwa a dunƙule ake sayar musu da finafinai, mai kyau da marar kyau, ko su ɗauka duka ko su bari.

Hukuncin 1948 ya haramta wannan ciniki na dunƙule, ya kuma kai ga raba manyan kamfanoni da gidajen sinimarsu. Daga nan kowane fim sai ya ci da guminsa. Kamfanin da ba shi da tabbacin inda zai nuna hajarsa ba zai ci gaba da ciyar da makaɗa da mawaƙa shekara guda cur ba, don haka aka fara sallamar ma'aikata. A 1951 kuma Louis B. Mayer, wanda irin waɗannan finafinai ke ransa, ya bar shugabancin MGM.

Fim ɗin 1954 ya nuna ɓarakar a fili. Labarin ba baƙo ba ne ga mai karanta littattafan soyayya: yarima ya je karatu Heidelberg ta Jamus, ya kamu da son Kathie mai hidima a gidan baƙi, sarauta ta kira shi, dole ya bar ta. Mario Lanza aka tanadar wa matsayin yariman, har ya shiga ɗakin naɗa ya rera waƙoƙin Sigmund Romberg a 1952. Sai rigima ta ɓarke tsakaninsa da kamfanin, ya bar aikin, magana ta kai ga shari'a. Da aka sasanta, MGM ta riƙe muryar, ta ɗauko Edmund Purdom ɗan Ingila ya riƙa motsa baki. Aron murya ba aibu ba ne. Wanda ya tashi da finafinan Indiya, ko yake kallon na Kano, ya san mai rera waƙa daban, mai bayyana a majigi daban. Amma a can tsari ne da aka ginu a kai, da mawaƙa da ɗakunan naɗa da ke jiran aiki kullum. A nan kuwa toshe ɓaraka aka yi, domin kamfani mai girman MGM ya duba cikin gidansa bai ga wanda zai gaji mawaƙi guda ba.

Masu cewa talabijin ne suna da ɗan abin kamawa. Masu zuwa sinima sun ragu ƙwarai a shekarun 1950, matasa kuma sun koma ga kiɗan su Elvis Presley, wanda fim ɗinsa na farko ya fito a 1956. Sai dai in da mutane sun gaji da waƙa da soyayya ne, da The Sound of Music bai tara kuɗin da ya tara a 1965 ba. Kafinsa da shekara guda, a My Fair Lady, Marni Nixon ce ta rera yawancin waƙoƙin Audrey Hepburn, fim ɗin kuma ya ci kyautar Oscar. Masu kallo suna nan. Abin da ya canza shi ne irin wannan fim ya koma caca ta lokaci zuwa lokaci, ya daina zama aikin kowace shekara, kuma mai caca yakan zaɓi sabon wasan da ya riga ya yi tashe a daɓe a kan tsohuwar ofareta.

Kamfanin Paramount ya sake jarrabawa a 1956 da The Vagabond King, ya ɗauko Oreste Kirkop ɗan Malta da fatan ya zama sabon Lanza, fim ɗin bai yi kasuwa ba. Lanza kansa ya koma Italiya neman aiki, ya rasu a birnin Rum a 1959 yana da shekara 38.