Haɗarin daina shan maganin faɗuwar gaba farat ɗaya: Abin da ya kamata mutanen Potiskum su sani

Potiskum gari ne na hada-hada, mai kasuwar shanun da ake sakawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Amma kuma gari ne da ya ga tashin hankali. A watan Mayun 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanun, suka kashe mutane da dama. Ranar 10 ga Nuwamban 2014 kuma wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, inda ɗalibai fiye da 40 suka rasu.

Ƙura ta lafa, amma irin wannan masifa takan bar tabo a zukata. Akwai wanda ƙarar fashewar tayar mota ta isa ta sa gabansa ya faɗi, hannunsa ya kama rawa, gumi ya keto masa. Cikin magungunan da likita kan rubuta wa mai wannan larura akwai propranolol, wanda wasu suka fi sani da Inderal.

Yadda maganin yake aiki

Masanin kimiyya ɗan Birtaniya, James Black, shi ya samar da propranolol a farkon shekarun 1960 domin masu ciwon zuciya, aikin da ya taimaka masa ya samu kyautar Nobel a 1988. Idan mutum ya tsorata, jikinsa kan saki sinadarin adiranalin, wanda ke sa zuciya ta ƙara gudu. Propranolol yana toshe kafofin da sinadarin ke bi ya isa ga zuciya. Bugun zuciya sai ya sassauta, rawar hannu ta ragu. Sai dai alamomin jiki kawai yake kwantarwa, tunanin da ke haddasa tsoron yana nan daram.

Maganin yana da nasa illolin: kasala, jiri, sanyin tafin hannu da ƙafa, munanan mafarkai, da raunin mazakuta ga wasu maza. Yana iya toshe numfashin mai ciwon asma, shi ya sa likitoci ke hana shi sha. Ga mai ciwon suga kuwa, yakan ɓoye bugun zuciyar da ke yi masa gargaɗi cewa sugansa ya yi ƙasa.

Inda gizo ke saƙar

Waɗannan illoli, ko ƙarewar kuɗi, ko jin cewa an warke, su ke sa mutum ya wayi gari ya ajiye ƙwayar. Wanda ya yi makonni yana shanta kullum, jikinsa ya riga ya ƙara yawan kafofin karɓar adiranalin domin cike gurbin waɗanda aka toshe. Maganin kuma ba ya daɗewa a jini, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya fita. Da zarar ya fita, sinadarin zai tarar da ƙofofi a buɗe fiye da da.

Abin da ke biyo baya shi ne bugun zuciya da ƙarfi, hawan jini, ciwon kai, gumi da karkarwa. Da yake alamomin sun yi kama da ciwon farko, sai mara lafiya ya ɗauka larurarsa ce ta dawo, dangi kuma su fara zancen iska ko sammu. Ga mai cutar jijiyoyin zuciya abin ya fi muni, domin yana iya jawo ciwon ƙirji mai tsanani, har ma da bugun zuciyar da ke kisa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa an rubuta wannan gargaɗi a takardar maganin.

Mafita

Likitoci kan rage adadin ne sannu a hankali, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu, suna auna jini da bugun zuciya. Wanda ke sha jefi-jefi, misali kafin jarrabawa ko jawabi a gaban jama'a, haɗarinsa bai kai na mai sha kullum ba. Mai niyyar azumin Ramadan ya ga likita tun kafin watan ya kama, a gyara masa lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur.

A doka, masu kemis na unguwa ba su da izinin sayar da irin wannan magani, wanda sai da takardar likita ake bayar da shi. Wanda ya fara sha da shawarar aboki, ya tafi Babban Asibitin Potiskum da kwalin a hannu, ya faɗi gaskiyar adadin da yake sha. Idan ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko suma suka biyo bayan dainawa, kada a jira gari ya waye.

Shi kuwa tsoron da ke ƙasan zuciya, maganinsa zama da ƙwararru. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri, inda ake kula da masu fama da firgici bayan tashin hankali. Zuwa can ba alamar hauka ba ce. Masu iya magana sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa wa magini sannan a yi gyara.