Jennie Wyse Power: Daga Kantin Ƙwai da Man Shanu Zuwa Majalisar Dattawan Ayilan

Tarihin gwagwarmayar da mutanen Ayilan suka yi don kuɓuta daga mulkin Birtaniya ya fi tunawa da mazan da suka ɗauki bindiga, alhali akwai matan da suka riƙe tafiyar da dukiyarsu da guminsu na shekaru masu yawa, kuma Jennie Wyse Power tana cikin na gaba a cikinsu. An haife ta a shekarar 1858 a garin Baltinglass na gundumar Wicklow, sunanta na yanka Jane O'Toole, kuma ta tashi a birnin Dublin inda iyayenta suka koma tun tana ƙarama. A 1881 ta shiga ƙungiyar mata ta kare manoma 'yan haya, wato manoman da ke noma ƙasar masu filaye suna biyan kuɗin haya mai tsauri, ƙungiyar da Anna Parnell ta jagoranta kuma ta ci gaba da tallafa wa iyalan da aka kora daga gonakinsu a lokacin da gwamnati ta tsare shugabannin takwararta ta maza. A 1883 ta auri ɗan jarida John Wyse Power, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar wasannin gargajiya ta GAA a shekarar da ta biyo baya.

Abin da ya bambanta ta da sauran 'yan gwagwarmaya shi ne kantin da ta buɗe a 1899 a lamba 21 kan titin Henry a Dublin, mai suna Irish Farm Produce Company, inda take sayar da ƙwai da man shanu da zuma da sauran amfanin gonar ƙasar, tare da ɗakin cin abinci. A ƙasar da kayan Ingila suka cika kasuwanninta, dagewa kan sayar da abin da manomin gida ya samar siyasa ce da kanta, domin ita ce aƙidar dogaro da kai da jam'iyyar Sinn Féin ta Arthur Griffith ta yi ta wa'azi a kai bayan kafuwarta a 1905, jam'iyyar da Jennie ta zama mataimakiyar shugabanta. Kantin ya zama matattarar masu kishin ƙasa, kuma a wannan gini ne jagororin boren Ista na 1916 suka sa hannu kan sanarwar kafa jamhuriya. A kwanakin boren ta riƙa kai abinci ga mayaƙan da suka ja daga a babban gidan waya, ginin kantin nata kuma ya ƙone a faɗan.

Jarabawa mafi zafi ta zo mata ne bayan yarjejeniyar 1921, wadda ta ba mafi yawan tsibirin mulkin kai amma ta bar shi ƙarƙashin rawanin Birtaniya, ta kuma raba 'yan gwagwarmaya gida biyu har aka kai ga yaƙin basasa. Jennie ta goyi bayan yarjejeniyar, wanda hakan ya sa ta rabu da Cumann na mBan, ƙungiyar mata masu taimaka wa mayaƙa da ta taɓa shugabanta, tun da mafi yawan mambobinta sun yi watsi da yarjejeniyar. A Disamba 1922 ta shiga Seanad, wato majalisar dattawan sabuwar ƙasar, a matsayin ɗaya daga cikin mata 4 a zauren mai kujeru 60.

A nan ne girmanta ya fi bayyana, domin gwamnatin da ta mara wa baya ce ta fara kawo dokokin tauye mata, ita kuma ba ta yi shiru don kunyar jam'iyya ba. Ta yi adawa da ƙudurin 1925 da ke neman hana mata wasu guraben aikin gwamnati, da ƙudurin 1927 da ke neman cire su daga cikin masu taya alƙali yanke hukunci, wato talakawan da ake zaɓa su saurari shari'a su faɗi ko wanda ake tuhuma ya yi laifi. Ta bar jam'iyyar Cumann na nGaedheal mai mulki a 1925, kuma ko bayan ta koma Fianna Fáil ta Éamon de Valera, wadda ta karɓi mulki daga baya, sai da ta soki ƙudurin 1935 da ya ba minista ikon taƙaita aikin mata a masana'antu. Hujjarta a waɗannan muhawarori ita ce matan da suka sha wahalar gwagwarmaya ba su cancanci a mayar da su baya ba da zarar an samu mulki.

Ta ci gaba da zama a majalisar har aka rushe ta a 1936, ta rasu a ranar 5 ga Janairu 1941, aka binne ta a maƙabartar Glasnevin da ke Dublin.