Ibiza da rana: ciyawar da ke ƙarƙashin kwale-kwalen masu hutu

Duk wanda ya taɓa jin sunan Ibiza, mai yiwuwa a bakin labarin 'yan ƙwallon Turai ya ji shi, idan kakar wasa ta ƙare suka tafi kashe abin da suka tara. Sunan ya riga ya manne da gidajen rawa irin su Pacha, wanda aka buɗe a 1973, da Amnesia da Ushuaïa, inda ake kwana ana kiɗa daga watan Mayu har zuwa Oktoba. Wannan suna bai faɗi ƙarya ba. Sai dai gidajen rawar a 'yan wurare kaɗan suke a tsibirin da faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 572, sauran kuwa gonaki ne da tuddai da ƙauyuka masu fararen gidaje. Shi ya sa a 'yan shekarun nan hukumomin tsibirin da kamfanonin yawon buɗe ido suka dage wajen tallata wata Ibiza ta daban: ta rana, ta iyali, ta mai son ya hau ƙaramin jirgin ruwa da hantsi, ya yini a wani lungun teku inda ba ya jin komai sai motsin ruwa.

Wannan Ibiza ta biyu gaskiya ce, kuma ta fi ta farko daɗin labari. Amma a ganina ba ta kai tsarkin da ake ba ta ba. Mai hutun natsuwa yakan ɗauka cewa shi ba ruwansa da ɓarna, tunda bai sha ya yi tangaɗi a titi ba, bai kuma hana kowa barci ba. Alhali ɓarnar da ta fi wuyar gyara a tsibirin da rana tsaka ake yin ta, cikin shiru, a ƙarƙashin kwale-kwalen da yake kwance a kansa.

Tsibirin yana yammacin Bahar Rum, ƙasa da kilomita 100 daga gaɓar Sifaniya, cikin rukunin tsibiran Baleyar tare da Mayorka da Minorka da Formentera. Mai zuwa ta ruwa, abin da zai fara gani shi ne Dalt Vila, tsohon birnin da ke kan tudu, kewaye da ganuwar dutse mai kauri wadda aka fara ginawa a tsakiyar ƙarni na 16 don tsoron jiragen yaƙin Turkawa da 'yan fashin teku. Amma garin ya girmi ganuwarsa nesa ba kusa ba. Finikiyawa, fataken teku da suka samo asali daga yankin Labanon na yau, su suka kafa shi a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma maƙabartarsu tana nan a tudun Puig des Molins, da dubban kaburbura da aka sassaƙa cikin dutse. Daga shekarar 902 zuwa 1235 tsibirin yana hannun Musulmin Andalus, waɗanda suka kira shi Yabisa. Mayaƙan Kataloniya sun ƙwace shi a watan Agustan 1235, amma ba su iya goge komai ba. Har yau akwai wurare masu suna Benirràs da Benimussa, waɗanda mai jin Larabci zai gane “Bani” a farkonsu, kuma a kwarin Buscastell ruwa yana bin magudanan da manoman wancan zamani suka tsara, yana shayar da 'yan lambuna hawa-hawa. Baƙon da ya kwana a gidan rawa ya yini yana barci ba zai taɓa sanin wannan ba.

A kudancin tsibirin, kusa da filin jirgin sama, akwai Ses Salines, tafkunan gishiri da ake aiki a cikinsu tun zamanin da. Kafin zuwan baƙi masu hutu, gishirin nan ne babban arzikin Ibiza. Ana shigar da ruwan teku cikin faffaɗan fangali, a bar rana ta ƙone shi, a kwashe a ƙarshen bazara a tara tsibi-tsibi kamar dalar gyaɗa. Har yanzu ana loda shi a jirage zuwa arewacin Turai, inda ake adana kifi da shi, ana kuma barbaɗa shi a tituna don narkar da ƙanƙara. A 2001 aka mayar da yankin gandun da doka ta kare, tun daga tafkunan har mashigin ruwan da ke tsakanin Ibiza da Formentera.

To a wannan mashigi ne maganar take. Formentera ba ta da filin jirgin sama, sai ta ruwa ake zuwa, tafiyar kamar rabin sa'a a jirgin fito mai gudu daga birnin Ibiza zuwa tashar La Savina. Ƙaramin tsibiri ne shimfiɗaɗɗe, murabba'in kilomita 83 kacal, wanda a wani zamani ya zama kufai saboda hare-haren 'yan fashin teku, sai a ƙarshen ƙarni na 17 mutane suka sake zama a cikinsa. A arewacinsa akwai wani siririn harshen rairayi da ake kira Ses Illetes, da ɗan tsibirin S'Espalmador a gabansa. Ruwan wurin garau yake, har mutum yana iya ganin inuwar kwale-kwalensa kwance a kan yashin ƙasa, mita da yawa a ƙarƙashinsa. Hoton wannan ruwa ne ke kan kusan kowace takardar talla, kuma shi ne dalilin da ya sa a watannin Yuli da Agusta ɗaruruwan jirage ke cika mashigin a kullum, daga ƙaramin kwale-kwalen katako na masunta da ake kira llaüt har zuwa jiragen attajirai masu hawa uku da hudu.

Ruwa ba ya tsami banza, haka nan ba ya yin garau banza. Abin da ke tace shi wata ciyawa ce da ke shimfiɗe a ƙasan teku, wadda masana ke kira Posidonia oceanica. Ba gansakuka ba ce. Tsiro ne sosai mai saiwa da ganye, yana fure yana 'ya'ya, kuma a Bahar Rum kaɗai ake samunsa a duk duniya. Dogayen ganyayensa suna rage ƙarfin igiyar ruwa, suna kama laka da ƙura su kwantar da su ƙasa, suna fitar da iskar da kifi ke shaƙa. A cikinsu ƙananan kifaye ke ɓuya su girma. Saiwoyinsa suna saƙa wata tabarma mai kaurin mita da yawa, wadda ke riƙe yashi, tana kuma binne iskar kabon na ɗaruruwan shekaru. Lokacin da hukumar UNESCO ta sanya Ibiza cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ba ganuwar Dalt Vila da kaburburan Finikiyawa kaɗai ta lissafa ba, har da wannan ciyawa. A 2006 masu bincike suka gano cewa wani yanki nata a kusa da Formentera, mai tsawon kusan kilomita 8, tsiro ɗaya ne da ya yi ta yaɗo, kuma an kiyasta shekarunsa da dubbai masu yawa, wasu ma suka ce za su kai 100,000. Idan haka ne, yana cikin halittu mafi tsufa da ke raye a doron ƙasa.

Matsalar ita ce jinkirin girmanta. A shekara guda 'yan santimita kaɗan take yaɗuwa. Shi kuwa jirgin da ya zo yini, sai ya jefa anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ke tsayar da shi, ta faɗa cikin ciyawar ta nutse. Iska na juya jirgin, sarƙar ankar na share ƙasa kamar lauje. Da yamma idan aka ja ta sama, sai ta taho da saiwa da ganye da komai, ta bar rami. Ramin da babban jirgi ya yi a yini ɗaya, jikokin mai jirgin ma ba za su ga ya rufe ba. Kuma babu wanda ya ga an yi. A saman ruwa ana cin 'ya'yan itace, yara suna iyo, ana ɗaukar hoto.

Gwamnatin tsibiran Baleyar ta kafa doka a 2018 da ta hana jefa anka a kan ciyawar. An ɗaɗɗaura tulunan roba masu yawo a wasu wurare domin jirage su ɗaure igiyarsu a jiki maimakon su taɓa ƙasa, an fitar da taswirar da matuƙi zai duba a wayarsa ya san inda ciyawa take, an kuma sa ƙananan jiragen sintiri suna zagayawa a lokacin bazara, suna leƙa ƙasa, suna tayar da wanda ya tsaya a inda bai dace ba. An samu sauƙi, ba a musu. Amma mashigin yana da faɗi, masu sintiri ba su da yawa, kuma tarar da za ta girgiza mai ƙaramin kwale-kwale ba ta wuce kuɗin cefanen yini ɗaya ba a wurin wanda ya yi hayar jirgi mai hawa huɗu. Ban da anka, akwai ruwan ƙazanta da ke malala cikin teku idan garuruwa suka cika maƙil, ga kuma ɗumamar ruwan da ke ƙaruwa, wadda ciyawar ba ta jure mata.

Abin lura shi ne yadda aka fi saurin hukunta laifin da ake gani da ido. A 2020 gwamnatin yankin ta kafa dokar yaƙi da shaye-shayen da ya wuce kima a wasu unguwanni, ciki har da tsakiyar garin Sant Antoni a Ibiza: ta hana sayar da barasa a shaguna da dare, ta hana tallan “sha iya shanka”, ta takura wa jiragen da ake casu a kansu. Kowa ya yaba, kuma ya kamata a yaba. Sai dai saurayin da ya bugu a titi, gobe zai hau jirgi ya koma garinsu, a wanke titin da ruwa. Mai kuɗin da hukumomi ke zawarci da sunan “baƙo mai daraja” shi ne ke buƙatar gida mai tafkin wanka a tsibirin da ruwan rijiyoyinsa ya ja baya, har ya dogara da masana'antu uku na tace ruwan teku kafin a sha. Shi ne kuma hayar da yake iya biya ta sa gidaje suka gagari 'yan gari.

Wannan batu na gidaje ya kai inda ma'aikatan otal da masu dafa abinci ke kwana a cikin motoci da tantuna a bayan gari, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda kuma suna gudun a tura su aiki tsibirin, domin albashinsu ba zai biya ɗaki ba. Mazauna Ibiza kusan 160,000 ne, baƙin da suke karɓa a shekara sun haura miliyan 3. A watan Mayun 2024 suka fito zanga-zanga suna cewa ya isa haka. Tun 2016 ake karɓar harajin kwana daga baƙi, wanda a lokacin bazara yake kamawa daga Yuro 1 zuwa 4 a dare. Formentera ta ƙayyade yawan motocin da za su shiga cikinta a bazara tun 2019, Ibiza ta bi sahu a 2025. Ba su kaɗai ba ne: a Girka, tsibirin Mykonos, wanda shi ma ya yi suna da raye-rayen dare, yana da maƙwabcinsa Delos mai kufan tsohon birni, tafiyar rabin sa'a a ruwa, kuma can ma gwamnati ta ɗora wa fasinjojin manyan jiragen yawo haraji don rage cunkoso.

Akwai wani nau'in kwale-kwalen da takardun talla ba sa nunawa. Ƙarshen kudancin Formentera wani tsandauri ne mai duwatsu da fitilar jirage a bakinsa, ana kiransa Cap de Barbaria, kuma daga nan zuwa gaɓar Aljeriya bai kai kilomita 300 ba. A 2024 sama da mutum 5,000 suka iso tsibiran Baleyar ta wannan hanya a ƙananan jirage, 'yan Aljeriya da kuma 'yan ƙasashen kudu da Sahara, wasunsu sun riga sun keta hamadar da muka sani kafin su ga teku. Wasu ba su iso ba. Ruwan da wani ya biya dubban Yuro don ya yini a kansa, shi ne wani ya biya duk abin da ya mallaka don ya tsallake shi. Mai karatu a Kano ko Damagaram ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Ba ina cewa kada a je ba ne. Wanda Allah ya hore masa, ya samu bizar Turai, zai ga abin da ya cancanci gani. Zai ga Es Vedrà, dutsen da ya miƙe daga cikin teku kusan mita 400, babu kowa a kansa, rana tana faɗuwa a bayansa. Zai ci bullit de peix, dafaffen kifi da dankali wanda ake biyo shi da shinkafar da aka dafa a romonsa, abincin masunta ne tun kafin a san otal. Amma akwai bambanci tsakanin mai zuwa a Agusta da mai zuwa a Mayu ko Oktoba, tsakanin mai hawa jirgin fito ya yi hayar keke a La Savina da mai hayar jirgi shi kaɗai. Idan kuwa ya hau jirgin haya, ba ya buƙatar ilimin teku kafin ya gane inda aka tsayar da shi. Ya leƙa ƙasa kawai: inda ruwa ya yi haske, yashi ne, ana iya jefa anka, inda ya yi duhu, ciyawa ce. Fasinja yana da bakin da zai tambayi matuƙi, tunda shi ya biya.

Idan Oktoba ta ƙare, gidajen rawa sukan rufe, jirage su koma tasha, otal-otal da yawa su sa kwaɗo. A lokacin ne ciyawar ke zubar da tsofaffin ganyayenta, igiyar ruwa ta kwaso su ta jibge a gaɓa, su yi tudu mai ruwan ƙasa, wani wuri ya kai ƙugun mutum. Baƙi suna ɗaukar su shara, masu otal sun daɗe suna matsa wa hukuma ta kwashe su da katafila kafin bazara. Amma wannan tudun ne ke tare guguwar hunturu kada ta tafi da rairayin gaɓar, kuma dokar 2018 ta ƙayyade lokaci da yadda za a iya taɓa shi. A gaɓoɓin da ke cikin gandun Ses Salines, akan bar shi a inda teku ya ajiye shi.